Lufa ba ta jiran kowa: amsa ga wani mai gita daga Tawa

Wani matashi daga Tawa ya aiko mini da wannan tambaya: "Yaya, ina kaɗa gita da ƙwarya, kuma ni kaɗai ne. Wana da ke Aljeriya ya aiko mini da lufa, Boss RC-1, na'urar nan da ake takawa ta ɗauki kiɗa ta riƙa maimaita shi. Na ga mutum ɗaya a YouTube yana haɗa kiɗan mutum biyar da irinta. Ni kuwa in na gwada, kiɗan tuntuɓe yake yi duk sa'ad da ya zagayo. In na ɗora abu uku ko huɗu sai ya cakuɗe, in na kawo mikro sai ƙara ta tashi. Na'urar ce ba ta da kyau, ko ni ne?"

Ƙanena, na'urarka lafiyarta lau. Kai ma babu abin da ya same ka da bai samu duk wanda ya fara taka lufa ba, har da ni da na shekara da shekaru ina aikin sono da gita a nan Yamai. Matsalolin nan uku da ka lissafa kowace da tushenta, amma ta farkon ita ce uwa, don haka a kanta zan daɗe.

Ka fara sanin wane irin abokin aiki ka samu. Ka saba da ƴan amshi, ka saba da mai kalangu. Mai kalangu yana kallon bakinka: in ka ja baiti ya jira ka, in ka ɗauki zafi ya bi ka, in ka yi kuskure ya rufa maka asiri kafin ƴan kallo su farga. Lufa ɗan amshi ce marar kunne. Abin da ka ba ta tsakanin takun farko da na biyu, shi za ta yi ta maimaitawa har wuta ta ɗauke, da kyansa da muninsa. Dabarar kanta tsohuwa ce. Wani mawaƙin Amurka, Terry Riley, ya yi ta a Paris a 1963 da rakoda biyu masu zaren faifai, ɗaya na ɗauka ɗaya na maidowa, Robert Fripp da Brian Eno kuma suka bi sahu a Ingila a farkon shekarun 1970. Abin da ya sake shi ne an matse rakodojin nan cikin akwatin da bai fi tafin hannu ba. Lufarka tana ɗaukar har minti 12, amma kada wannan ya ruɗe ka: zagayen da za ka yi aiki da shi da wuya ya wuce daƙiƙa goma.

To, tuntuɓen. Kusan kowa kuskure ɗaya yake yi: yana rufe zagayen a kan bugu na ƙarshe. Yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, da ya kai huɗu sai ya taka. Ya yanke wa huɗu wutsiya ke nan, shi ya sa in kiɗan ya komo farko kake jin kamar mai ɗingishi. Wurin rufewa shi ne "ɗaya" na gaba. Ka taka a kan ɗaya, ka rufe a kan ɗaya. Kuma hannunka kada ya tsaya don ƙafa ta taka. Ka buga wannan ɗayan na biyu da hannu kamar ba abin da ya faru, ka ci gaba da kaɗawa tare da abin da na'urar ta maido. Wanda ya tsaida hannu yana jiran ya ji sakamako, jikinsa ya riga ya rage gudu tun kafin ya taka.

Haka nan wajen buɗewa. Kada ka fara kiɗa da taku lokaci guda daga shiru. Ka kaɗa abin sau biyu, sau uku, har kafaɗarka ta kama rawa, sa'an nan ka taka a cikin tafiya. Ƴan kallo ba su san ba ka fara ɗauka ba, a wurinsu waƙa ta riga ta soma.

Ga lissafin da zai nuna maka girman abin. A ce kiɗanka bugu 100 ne a minti. Kowane bugu daƙiƙa 0.6 ke nan, bugu huɗu daƙiƙa 2.4. In ƙafarka ta makara da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, wanda ƙiftawar ido ta fi shi tsawo, kai kaɗai za ka ji ɗan ciccije a kowane zagaye. Amma in akwai wani mai ganga da ke riƙe da nasa gudun bai saurari lufa ba, bayan zagaye 12, wato ƙasa da rabin minti, kun rabu da bugu guda cur. Wannan ne dalilin da ya sa in za ka haɗa lufa da mutum mai rai, dole shi ya bi na'urar, kuma dole a sa masa baful, wato lasifika, kusa da kunnensa. Manyan makaɗa ba su cika son wannan ba, ni kuwa ban ga laifinsu ba.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Yawancin masu koyarwa a intanet da kiɗan bugu huɗu suke misali, ɗayansu kuwa a fili yake kamar hasumiya. Kaɗe-kaɗenmu da yawa, irin takamba da abin da ƴan gitar arewa ke yi, tafiyar uku-uku suke yi, bugu shida ko goma sha biyu a zagaye, kuma bakin waƙar sau da yawa yana shigowa kafin bugun mai nauyi ko bayansa. In ka taka inda muryarka ke farawa, zagayen zai iya fita daidai tsawonsa, amma ƙafarka ba ta da abin dogaro, sai ta yi ta kuskure. Ka nemi inda dunƙulen hannu ke sauka tsakiyar ƙwarya, wannan "dum" da ƴan rawa ke sauke ƙafa a kansa. Nan ne ƙofarka, shiga da fita. Ranar da ka sayi babbar lufa mai gangar ciki, ka duba ko tana da lissafin shida kafin ka kunna gangar, don wasu na'urorin suna gyara tsawon zagaye ya dace da gangarsu, kuma in tana kan huɗu kai kana kan shida, ta lalata maka aiki da sunan taimako.

Yadda nake sa yara su yi atisaye: ka kashe igiyoyin gitar da hannun hagu, ka yi "cak, cak, cak, cak" kawai, ka ɗauka, ka saurara, ka goge, ka sake. Sau ashirin kowace safiya, mako biyu. Babu waƙa, babu ɗori, wato ɗora wani kiɗan bisa na farko. Abin gundura ne, na sani. In ka kai inda za ka juya baya, ka saurari zagayen, ka kasa gane inda ɗinkin yake, ka wuce aji. Ka yi atisayen a tsaye in a tsaye kake wasa, kuma da takalmin da za ka sa ranar wasa. Silifa maƙiyiyar lufa ce, tana lanƙwashewa kafin ƙafa ta isa. Ni ƙafa tsirara na fi so, ko takalmi mai siririn ƙasa. Diddige a ƙasa, yatsu a sama suna jira, kada ka ɗaga ƙafar duka kamar mai kashe kunama.

Wani abu game da RC-1 ɗinka: tana da tsari biyu. A ɗaya, taku na biyu yana rufe zagaye ya shiga ɗori kai tsaye. A ɗayan yana rufewa ya koma saurare kawai. Takardar da ta zo da ita ta nuna yadda ake sauyawa. Ga mai koyo, na biyun ya fi kwanciyar rai. Amma na farkon yana da amfani in ka ƙware: igiyar da ka buga ta ƙarshe tana ci gaba da amo, in ɗori a buɗe yake sai wannan amon ya kwanta bisa farkon zagayen ya ɓoye ɗinkin. Ka bar shi bugu ɗaya ko biyu, ka rufe. Taku biyu da sauri shi ne tsayawa, dannewa kamar daƙiƙa biyu kuma yana cire ɗorin ƙarshe, in ka sake dannewa ya dawo da shi. Tsayawar taku biyu tana da wuyar dacewa da bugu, sai ka tuna na biyun ne ke tsaidawa, shi za ka saukar a kan ɗaya. Na'urar tana da ramin da ake sa ƙarin abin taku, irin FS-5U, wanda ke tsaida ta da taku guda. In wanka zai sake aike, wannan za ka roƙa.

Yanzu cakuɗewa. Ka tuna tukunyar miya: ba a zuba gishiri sau huɗu don kayan miya huɗu ne. Abin da ke faruwa shi ne kana ɗora abu huɗu duk a tsakiyar gita, duk da ƙarfi ɗaya, duk suna magana lokaci guda. Kunne ba ya iya raba su. Kowane ɗori sai ya sami ɗakinsa, ko dai a kauri da sirantaka, ko a lokaci. Shimfiɗa ta farko ta zama kiɗa zalla, kuma da ramuka a cikinta: dum na ƙwarya da ɗan ƙwas-ƙwas na yatsu, ka bar sarari. Ta biyu ƙasa, igiyoyi biyu masu kauri, sauti ɗaya-ɗaya, ba sharɓa duka shida ba. In kana da fedal mai saukar da sauti, irin Boss OC-5, sai ta zama kamar gitar bas; in babu, ka rufe maɓallin kaifin gitar ka buga da babban yatsa. Ta uku can sama a wuyan gita, gajerun sautuka da ke faɗawa cikin ramukan da ka bari. Shi ke nan. Uku sun isa waƙa. Na huɗu kai ne da ranka, muryarka da gitarka, kuma wannan ba a ɗaukar shi.

Ka saurari yadda mai gurumi da mai kalangu ke zama tare, irin yadda marigayi Malam Maman Barka ke yi da makaɗinsa: kowa na shiga inda ɗan'uwansa ya numfasa. Mutum biyu, amma ba ka jin wani giɓi. Haka Mamman Sani, da ya ɗauki kiɗansa da ogan a gidan rediyon ƙasa a 1978, shi kaɗai da na'ura, abin da ya sa har yau ake saurarensa shi ne bai cika wurin da hayaniya ba. Mu muna da wannan ilimin a gida tun kafin lufa ta zo. Da na'urar ta shigo hannu ne kwaɗayi ke sa a manta.

Ka kuma ɗauki shimfiɗar a hankali, ƙasa da ƙarfin da za ka yi waƙa da shi. Sautuka taruwa suke yi, kowane ɗori yana ƙara nauyi, in ka fara da ƙarfinka duka babu inda za ka hau in lokacin hawa ya yi. Maɓallin da ke kan lufa ƙarfin abin da ta maido yake sarrafawa, ka rage shi kaɗan har gitarka ta yanzu ta fito bisa kansa. Lufa ta zauna ƙarshen jerin fedalolinka, dab da ampli, wato akwatin ƙara sautin gita, ampli kuma a bar shi da tsabtataccen sauti. In ampli ne ke ba ka wannan ƙarar mai gurnani da ƴan gitar Agadas ke so, to duk abin da ya fito daga lufa zai bi ta cikin gurnanin tare, ƙwarya da bas da komai, ya zama kunu. Gurnanin ya fito daga fedal da ke gaban lufa, ka kunna shi ga abin da kake so kaɗai.

Sai mikro, inda aka fi zubar da mutunci a bainar jama'a. RC-1 ba ta da ramin mikro, don gita aka yi ta. Masu ramin mikro su ne irin RC-30, RC-500 da RC-505, wadda ake ajewa kan tebur a danna da hannu. Da lufarka, sai ka bi ta ƙaramar mikisa, na'urar haɗa sautuka: mikro da gita su shiga mikisa, ka tura su lufa ta hanyar da aka rubuta AUX, abin da ya fito daga lufa ya komo wani layi na mikisar. A wannan layin na komowa, maɓallin AUX ya zauna a sifiri. In ka manta, lufa tana ciyar da kanta da kanta, ƙarar da za ta tashi kuwa sai yara sun toshe kunne.

Ko ka haɗa daidai, akwai ɓarawo na biyu. Duk lokacin da ɗori ke buɗe, mikro yana jin abin da baful ke fitarwa, ya sake ɗaukar shi. Zagaye biyar da ɗori a buɗe, ka kwafi shimfiɗarka sau biyar, kowace ta fi ta baya dushewa. Maganin: mikro irin mai jin gabansa kawai, kamar Shure SM58, bakinka dab da shi, baful ɗin jama'a su kasance gaba da kai suna kallon mutane, kuma ka buɗe ɗori dab da abin da za ka faɗa, ka rufe da ka gama. Ga ƙwarya, ƙaramin mikro mai mannewa, wanda ake liƙa wa a jikin kayan kiɗa, ya fi, don girgizar ƙwaryar yake ji, bai damu da iska ba. Ka liƙa shi daga ciki, ka kife ƙwaryar kan bargo ko matashi, ka gwada wurare har ka sami inda dum ke fita da kauri ba tare da ƙwas ɗin zobe ya huda kunne ba.

Na koyi rufe ɗori ne ta hanya mai zafi. Wani biki a unguwar Bukoki, nan Yamai, ina cikin ɗora amshi, sai sanƙira ya matso kusa da ni ya kwarara kirarin uwar ango. Ɗori a buɗe. Kirarin nan ya shiga zagaye, ya dinga komowa duk bayan daƙiƙa biyar, har da tarin da ya yi a ƙarshe. Mata suka fashe da dariya, uwar ango kuwa ta ji daɗi, ta ɗauka da gangan na yi. Da na san dannewar nan ta cire ɗori a lokacin, da daƙiƙa biyu sun raba ni da shi. Tun ranar, kafin in koya wa yaro ɗorawa sai na koya masa cirewa.

Cirewar nan ma kayan ado ce. Babban aibin wasan lufa shi ne ginin yana ɗaukar lokaci, kuma in an gama gini kiɗan ba ya motsi. Mutanen Tawa da suka saba da kiɗan kokowa ba za su tsaya minti uku suna kallon ka kana jera tubali ba. Ka sa wa kanka doka: kafin minti ɗaya murya ta shigo. Kana iya fara waƙa bisa shimfiɗar farko kaɗai, ka ƙara sauran tsakanin baitoci. Ka aje amshi ya zama ɗorinka na ƙarshe, sai ka cire shi lokacin baiti, ka dawo da shi lokacin amshi. Da lufa mai layi ɗaya tak ka sami waƙa mai hawa da sauka. Ka tsaida na'urar ɗungurungum a tsakiyar waƙa, ka yi layin waƙa biyu da murya da tafin jama'a, ka sake taka ta a kan ɗaya. Wannan komowar tana tada mutane fiye da kowane ɗori.

Wurin liƙi lufa tana da daɗi, don in wani alhaji ya taso kana iya wasa shi minti biyar kiɗa bai gaji ba. Inda take kasawa shi ne ɗaukar zafi. Makaɗanmu suna ƙara gudu in fili ya yi zafi, ita kuwa gudun da ka ba ta da farko shi ke nan. Sai ka yi wayo: ka ninka yawan bugun hannunka a kan gudun da yake nan, ka hau sama a wuyan gita, ka sa jama'a tafi a tsakankanin bugu. In dole sai an ƙara gudu, ka kashe ta ka ƙarasa da hannu. Ka kuma shirya yadda kowace waƙa za ta ƙare tun a gida, ka san kuma yadda za ka yi shiru nan take in an kira salla, ba ka tsaya kana laluben fedal ba.

Abubuwan ƙasarmu kuma. Na'urar volt 9 take ci, kuma a irin na Boss tsakiyar filogin shi ne mara, wato mai alamar ragewa. Ka duba zanen da ke jikin caja kafin ka sa, don caja mai juyayyen kai tana iya ƙona ta. Caja mai arha tana kawo wani "zzz" na kuran, wanda ba ka damuwa da shi a gita zalla, amma a lufa kowane ɗori yana ƙara nasa. Inda gurup, wato janareto, ne ke ba da wuta abin ya fi muni, kuma in ya yi tari na'urar ta mutu a tsakiyar waƙa. Pil mai kyau, wato batir, yana kawar da duka biyun, sai dai lufa tana shan pil, sa'o'i kaɗan ne, ka sa sabo ranar wasa ka cire wayoyin in ka gama. Wasu suna amfani da bankin cajin salula da wayar da ke ɗaga volt 5 zuwa 9. Yana yi, amma ka gwada shi a gida, wasu wayoyin suna da nasu kukan. Ƙurar hunturu tana shiga ramuka, ka riƙa aje ta cikin jaka. Zafin Afrilu da Mayu kuwa yana sauya ɗaurin igiya: ka gyara gitar dab da za ka ɗauka, a wurin da za ka yi wasa, domin zagayen da ka ɗauka da karkataccen sauti ba ya gyaruwa, kuma in gitar ta saki bayan ka ɗauka za ka ji kana faɗa da kanka.

Sauti yana tafiyar kamar mita 343 a daƙiƙa. In baful ɗin da kake saurare yana nesa da kai da mita goma, kana jin lufa a makare da kusan kashi uku cikin ɗari na daƙiƙa, kuma duk abin da ka ɗora zai makara da haka. Ka aje ampli ko ƙaramin baful kusa da kai. Wannan dalilin ne kuma ya sa nake hana yara lufar salula da abin kunne na Bluetooth, jinkirinsa ya kan wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Mai waya za ka sa.

Kada ka yi saurin neman babba. Mai layi ɗaya irin taka, ko TC Electronic Ditto mai maɓalli guda, tana tilasta maka ka yi tunani kafin ka taka. In ka haɗa waƙa biyar da za ka iya yi daga farko har ƙarshe ba ka kalli ƙafarka ba, lokacin ne mai layi biyu za ta yi maka amfani, ƙwarya a ɗaya, sauran a ɗaya, ka riƙa kashe wannan ka bar wancan. Kafin nan, ka ɗauki "cak, cak" ɗinka na mako biyu da salula, ka turo mini na ranar farko da na ranar ƙarshe. In kuma hanya ta kawo ka Yamai, ka taho da ƙwaryar da lufar duka, mu nemi inda za a liƙa mikron tare.